Ko Allah Yakan Manta da Bawansa?

Akwai wani baƙin ciki wanda ya fi talauci ciwo, watau mutum ya ga kamar an manta da shi. Ya yi roƙo har ya gaji. Tsararrakinsa duk sun wuce shi, wannan ya sami aiki, wancan ya yi aure ya haifu, shi kuwa yana nan inda yake tun bara waccan. Daga nan sai zuciya ta fara raya masa cewa ko Ubangiji ma ya juya masa baya.

To, a nan ya kamata a tuna da Annabi Yusufu. 'Yan'uwansa suka jefa shi rijiya, fatake suka sayar da shi a Masar, aka kuma ɗaure shi ba da laifin komai ba. A cikin kurkuku ya fassara wa mai shayar da sarki mafarkinsa, ya roƙe shi ya ambace shi wurin ubangidansa in ya fita. Mutumin ya fita, ya koma fada, ya manta. Yusufu ya ƙara shekaru a ɗaure.

Wa ya yi mantuwa a nan? Mutum ne. Kuskuren mai baƙin ciki shi ne ya ɗauki halin mutane ya jingina wa Allah. Da an tuna da Yusufu tun a makon farko, watakila iyaka a sake shi, ya fita baƙo, ba dangi ba sana'a. Amma ran da sarki ya yi mafarkin shanu 7 masu ƙiba waɗanda ramammu 7 ke cinyewa, masana suka kasa fassarawa, an san inda za a same shi. Daga kurkukun nan aka ɗauko shi, aka danƙa masa rumbunan ƙasa duka.

Wani zai ce, ai ba kowa ne Yusufu ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe wa mai wannan magana baki ba. A yunwar Kakalaba ta 1914 mutane da yawa sun mutu a ƙasar Hausa, cikinsu har da masu salla da azumi, waɗanda suka fita roƙon ruwa. Allah bai yi wa kowa alkawarin cewa zai ga ƙarshen wahalarsa a nan duniya ba. Abin da ya tabbata shi ne, ba hawayen da ke zuba bai sani ba, kuma ba haƙurin da ladansa zai ɓata. Kuka ma ba rashin imani ba ne, gama Annabi Yakubu ya yi ta baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, duk da haka bai fid da rai ba. Ya sake tura 'ya'yansa su je su nemo labari.

Irin wannan tawakkali manomi ya san shi. Kafin ruwa ya sauka yakan ɗebi gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, wanda iyalinsa za su iya ci yau, ya je ya yi binne a busasshiyar ƙasa. Wata shekara ruwa ya zo da wuri, shuka ta tsiro. Wata shekara kuwa a yi yayyafi kaɗan, sa'an nan fari ya biyo baya, irin ya lalace. Sai ya ranto wani wurin maƙwabci, ya sake komawa gona da sungumi a kafaɗa.