Allurar Ƙeya

Mai ciwon kan da ya ƙi jin magani, in an tambaye shi inda ke masa ciwo, sau da yawa goshi yake dafewa, ko ya nuna bayan ido. Abin mamaki, sai likita ya ce ya sunkuya, ya zagaya ƙeyarsa.

Akwai wata siririyar jijiya da Allah Ya fitar daga tsakanin ƙashin wuya na ɗaya da na biyu. Takan zagaye wata 'yar tsoka, ta ratsa naman wuya, ta haura har tsakar kai. Saƙon zafin da take ɗaukowa yana haɗuwa da na jijiyar fuska a mahaɗa guda, can saman laka, don haka ƙwaƙwalwa kan rikice: matsala tana baya, zugi yana gaba.

In za a yi wa wannan jijiya allura, an saba lalubo wurin da yatsa, a bi tudun ƙashin ƙeya a yi kirdado. A 2010 Manfred Greher da abokan aikinsa suka bayyana yadda za a ga jijiyar da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji, ta jira ya dawo, ta mayar da shi hoto. Likita na kallon bakin allurarsa tana shiga, ya kauce wa hanyar jini, ya zuba lidocaine ko bupivacaine, mililita kaɗan, a gefen jijiyar. Cikin awoyi maganin ke sakin jiki, amma wasu kan yi makonni ba ciwo. Ba kowa yake yi wa aiki ba.

Haka rigimar gida take. Maigida ya dawo yana faɗa kan gishirin miya, alhali bashin kasuwa ne ya hana shi barci. Yaro ya tsiri dambe a makaranta tun ranar da mahaifiyarsa ta yi yaji. Mai gaggawar sulhu sai ya rage gishiri, ya zane yaro, gobe a sake. Dattijon da ya san aiki kuwa tambaya ɗaya yake jefawa, ya yi shiru, ya saurari abin da zai dawo. Yana lura da inda murya ta karye, da sunan da aka ƙi ambata. Akwai sirrin da zai gano ya kewaye shi, don ya san in ya taɓa, aure zai mutu. Sannan ya ja maigidan gefe, ya tambaye shi nawa ake bin sa.