SUNAN GRACE, ASALINSA DA WA'AZINSA

Abin karantawa: Luka 1:57-66 da Afisawa 2:1-10.

 A wannan wata muna so mu yi shawara tare a kan sunayen da mu ke raɗa wa 'ya'yanmu. Za mu ɗauki suna ɗaya tak, watau Grace, mu bi sawunsa har inda ya fito.

A cikin gidajen masu bi na wajen Gammo da Kabo da Gwarzo, kamar sauran wurare na ƙasar Kano, in ana kiran yara za ka ji Ladi da Tanko, za ka ji Rifkatu da Bitrus, za ka kuma ji Grace da Comfort da Patience. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Amma in ka tambayi uba ma'anar sunan 'yarsa, sau da yawa sai ya ce maka, "Ai yana da daɗin ji." Kakar yarinya kuwa, da shi ke harshen Hausa ba ya fara kalma da baƙi biyu a haɗe, sai ta riƙa cewa Gires, ba ta kuwa san abin da ta ke faɗi ba.

Kakanninmu ba haka su ke yi ba. Kowane suna yana da labarinsa. Nomau an haife shi lokacin noma. Tanko ya zo a bayan 'yan mata, Kande kuwa a bayan maza. Macen da ta ke wabi ta kan kira ɗanta Ajuji, wai don mutuwa ta ga kamar abin yarwa ne, ta wuce ta bar shi. Wannan suna na tsoro ne, amma yana faɗin abin da iyaye su ka gaskata. To, mu da aka fitar daga tsoro, me sunayen 'ya'yanmu su ke faɗi a kanmu? Hausawa sun ce suna linzami ne. Wa zai sa wa dokinsa linzamin da bai san inda zai ja shi ba?

ASALIN SUNAN

Grace ba asalin Turanci ba ne. Tushensa kalma ce ta Latin, harshen Romawa, watau gratia. Ma'anarta tagomashi, da kyautar da ba a biya kuɗinta ba, da kuma godiyar da mai karɓa ya ke yi. An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, a can kuwa kalmar ita ce karis. Sa'anda wani malami mai suna Jerom ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, aikin da ya gama wajen shekara ta 405, da gratia ya fassara ta.

Daga Latin kalmar ta shiga Faransanci. A shekara ta 1066 Wilyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, kalmomi dubbai su ka zuba cikin Turanci, har da wannan. Har wa yau Turawan Ingila da ita su ke kiran addu'ar godiya da a ke yi kafin cin abinci.

Yawan raɗa ta ga 'yan mata ya zo ne bayan gyaran ekklesiya wanda Martin Luther ya soma a 1517. A Ingila aka sami waɗansu masu bi da a ke kira Furitan. Su ka fi son sunayen da ke cikin Littafi Mai Tsarki, da sunayen halaye na kirki. A wurinsu sunaye irin su Grace da Faith da Hope da Mercy da Patience su ka yawaita, watau Alheri da Bangaskiya da Bege da Jinƙai da Haƙuri. Ku lura da wannan da kyau. Mutanen nan ba baƙon harshe su ka nema ba. Sun ɗauki kalmomin da kowa ya ke ji a gida da kasuwa, domin duk wanda ya kira yarinyar ya tuna da Allah.

Sunan ya iso ƙasarmu ta hannun masu bishara, da kuma 'yan'uwa na kudu waɗanda su ka yawaita a Kano bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Amma da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi wahala ƙwarai a kansa tare da waɗansu, kalmar da aka sa a wurin karis ita ce alheri. Ita ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, gama daga Larabci ta zo tun da daɗewa. Ashe Grace da Alheri suna ɗaya ne. Ɗaya ta biyo ta teku, ɗaya ta biyo ta hamada, su ka gamu a ƙofar gidanka.

YOHANNA DA HANNATU

Wannan suna yana da 'yan'uwa cikin Ibrananci. Hannatu, uwar annabi Sama'ila, ma'anar sunanta alheri ne ko tagomashi. Yohanna kuma, wanda juyin Hausa na 1979 ya rubuta Yahaya, Turawa kuwa su ke ce da shi John, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri.

Ku dubi abin da ya faru a gidan Zakariya. Shi da matarsa Alisabatu sun tsufa ba su da ɗa. Allah ya ba su. A rana ta takwas dangi da maƙwabta su ka taru, kamar yadda mu ke taruwa ran suna. Su ka so a sa wa yaro sunan ubansa, gama haka aka saba. Uwar ta ƙi. Su ka yi mata gardama, domin babu mai wannan suna a cikin dangi. Zakariya kuwa bebe ne tun ran da ya yi shakkar maganar mala'ika. Ya nemi allo, ya rubuta sunan da Allah ya zaɓa. Nan take bakinsa ya buɗe, ya yi ta yabon Allah, labari kuwa ya bazu cikin dukan ƙauyukan tuddai na Yahudiya. Dangi sun duba al'ada. Iyayen sun duba abin da Allah ya yi musu, sunan yaron ya zama shaida.

KALMOMIN DA SU KA YI KAMA DA SHI A KUNNE

Masu waƙa sun san abin da a ke kira ƙafiya, watau ƙarshen kalmomi ya zo daidai a kunne. Yaranmu na makaranta sun san Grace tana da ƙafiya da face da place da race. Waɗannan ba danginta ba ne. Face daga wata kalmar Latin dabam ta fito, place tushenta Helenanci ne mai nufin titi mai faɗi, race ta tsere kuwa daga harshen mutanen arewacin Turai ta zo. Kama da wane ba wane ba ce. Duk da haka za su taimake mu mu riƙe koyarwa a ka, kamar ƙulli a bakin zane.

Na fari, face, watau fuska. A cikin albarkar da aka umurci Haruna ya riƙa sa wa Isra'ila, Littafin Lissafi 6:24-26, hasken fuskar Ubangiji da alherinsa suna tafe tare cikin aya guda. Talaka ya san bambancin ran da hakimi ya sakar masa fuska da ran da ya ɗaure ta. Zunubinmu ya isa Allah ya juya mana baya. Amma cikin Yesu Almasihu ya juyo mana da fuskarsa, ba kuwa domin mun kai masa gaisuwa ba.

Na biyu, place, watau wuri. A nan Hausa ma ta yarda, gama wuri da alheri ƙarshensu ɗaya ne. Waɗansu a cikinku sun rasa wurin zama a gidan ubansu saboda sunan Yesu. Waɗansu an hana su gona, waɗansu an hana su aure. Ku karanta Yohanna 14:1-3, inda Ubangiji ya yi wa almajiransa alkawarin wuri a gidan Ubansa, shi da kansa kuwa zai shirya shi. Wurin nan ba a gadonsa, ba a sayensa da damin dawa. Kyauta ne.

Na uku, race, watau tsere. Ibraniyawa 12:1 ta kwatanta zaman mai bi da tsere wanda sai da haƙuri a ke gama shi. Ga haƙuri kuma ya zo da ƙafiyar alheri. Kada wani ya ce, tun da ceto kyauta ne, bari in kwanta. Damina kyauta ce, ba wanda ya taɓa sayen hadari. Amma wanda ya ƙi fita da fartanya saboda ruwa kyauta ne, rumbunsa zai ba da labarinsa da kaka.

Akwai ta huɗu, ita ce abin tsoro. Kalmar disgrace, watau abin kunya, ita kaɗai ce 'yar'uwar Grace ta jini, gama an ƙara mata ɗan guntu ne a gaba, ma'ana ta juye. A Hausa ma haka ne. Alheri da sharri ƙafiyarsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Wanda ya zaɓi abu domin daɗinsa a kunne kaɗai, ba shi da abin da zai rarrabe waɗannan biyu da shi. Haka ya ke ga suna, haka kuma ga wa'azi da waƙa. Ba kowace murya mai zaƙi ke ɗauke da gaskiya ba.

SUNA BA YA CETO

An haifi wani mutum a Landan a 1725, sunansa John Newton. Kowace rana ana kiransa da sunan da ke cewa Ubangiji ya yi alheri, shi kuwa cinikin bayi ya ke yi a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Saliyo. A 1748 hadiri ya kusa nutsar da jirgin da ya ke ciki, ya yi kuka ga Allah ya ji ƙansa. Ko bayan wannan bai bar mugun aikin nan da nan ba, ya zama shugaban jirgin bayi har 1754. Amma alherin Allah bai sake shi ba. A 1764 ya zama mai hidimar ekklesiya a garin Olney. Waƙarsa a kan alherin Allah, wadda aka buga a 1779, ana rera ta a ƙasashe da yawa har yau. A 1788 ya rubuta a fili yana tona muguntar cinikin bayi, ya goyi bayan Wilberforce, ya kuma rayu har ya ga Ingila ta hana cinikin a 1807, shekarar da ya rasu.

Shekara ashirin da wani abu sunan yana kansa kamar hular aro. Sai da ya ga kansa mai zunubi ne, sa'an nan ma'anar sunan ta zama tasa. Abin da manzo Bulus ya koya wa Afisawa ke nan a sura 2. Mu matattu ne cikin laifofinmu, Allah ya rayar da mu tare da Almasihu. Ceto ta wurin bangaskiya ya ke zuwa, baiwa ce, ba ladan aiki ba, domin kada kowa ya sami abin fahariya. Sunan Turanci ba ya mai da mutum Kirista. Sunan Hausa ba ya hana shi shiga Mulkin Allah. Littafin da za a buɗe a rana ta ƙarshe, littafin rai ne na Ɗan Rago, ba rajistar makaranta ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Kai uba, ke uwa, kafin ran suna ku tambayi fasto ko mai bishara ma'anar sunan da ku ke so. Ku yi addu'a a kansa tare.

2. A ran suna, sa'anda maƙwabta su ka taru, Musulmi da Maguzawa da masu bi, kada a faɗi suna kawai a raba goro a watse. A faɗi ma'anarsa da Hausa, a faɗi dalilin da ya sa aka zaɓe shi. Mutanen da ba za su taka ƙofar ɗakin sujada ba suna zaune a tabarmarka ran nan.

3. Kada mu rena sunayenmu. Alheri da Godiya da Murna da Salama da Dogara ba su gaza na Turanci da kome ba. Har sun fi su da abu guda, gama tsohuwa a ƙauye tana jin su ba sai da tafinta ba. Waɗansu suna cewa bin Yesu addinin Turawa ne. Kada mu ba su hujja da bakinmu.

4. Wanda ya riga ya sa wa 'yarsa Grace, ya yi kyau, kada ya sāke. Sai dai ya zaunar da ita ya koya mata, ya koya wa kakarta kuma, cewa sunan nan Alheri ne.

Ke kuma da a ke kira Grace ko Alheri ko Hannatu, kai da a ke kira Yohanna ko John, sau nawa aka kira ku yau, a rijiya da gona da kasuwa? Kowane kira tuni ne. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya miƙo nasa cikin Ɗansa. Kun karɓa? In kun karɓa, maƙwabtanku suna ganinsa a cikin mudunku da maganarku?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ka san kowannenmu da sunansa. Ka ba iyaye hikima ran suna. Ka sa 'ya'yanmu su san alherinka a zuciya, ba a kunne kaɗai ba. Ka rubuta sunayensu cikin littafin rai, domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.