Hali Zanen Dutse, In Dutsen Ya Tsage Fa?

Hausawa suka ce hali zanen dutse, ba mai kankare shi. Da wannan karin magana muke auna mutane: da ita muke ba da aure, da ita muke ba da bashi, da ita kuma muke yanke wa mutum hukunci idan ya kuskure. To, amma akwai wani jarrabi da ke neman ƙaryata ta, wato raunin da ke samun ƙwaƙwalwa idan kai ya bugu. Mutum ya fita da safe da halinsa da kowa ya sani, ya dawo daga asibiti bayan wata biyu da fuskarsa da muryarsa, amma iyalinsa su riƙa raɗa cewa ba shi ba ne. Tambayarmu a nan ita ce, wane ne wannan da ya dawo, kuma mene ne haƙƙinsa a kanmu?

Wanda ya san Ƙofar Ruwa ya san ba a nesa muka ɗauko zancen ba. Kasuwa ce ta ƙarfe da nauyi: rodi, kwanon rufi, bututu, kayan gyaran mota, ga 'yan dako suna lodi da saukale tun safe har almuru. Kusa da ita kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, inda ake kai masu karaya daga sassa da yawa na Arewa. Shekaru da dama acaɓa ce ƙafar talakan Kano, kafin gwamnati ta hana sana'ar a farkon 2013. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano a watan Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, duniya ta yi ta dariya. Sai dai ƙwarya ba ta kare ƙoƙon kai, kuma babur bai bar titi ba har yau.

Karaya tana da shaida. Ana ganin filasta, ana ganin sanda, kowa ya ce sannu. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa ɓoyayye ne. Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi a cikin ƙashi mai tauri, idan kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza ta daki bangon ƙoƙon, ta ƙuje ko ta kumbura, ko jini ya taru ya danne ta. Likitoci suna da ma'aunin zurfin suma, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a birnin Gilasgo a 1974, daga maki 3 zuwa 15, gwargwadon yadda majinyaci ke buɗe ido da magana da motsi. Wannan ma'auni yana nuna tsananin haɗarin da ake ciki. Ba ya gaya wa matar gida irin mijin da za a sallamo mata. Sashen da ke bayan goshi, wanda ya fi yawan shan duka a haɗarin hanya, shi ne mai riƙe da linzamin fushi, da tsara aiki, da sanin abin da ya dace a faɗa a gaban suruki.

A ɗauki misalin mai shagon rodi wanda a dā ke riƙe da lissafin abokan ciniki hamsin a kansa. Ya warke, yana tafiya da ƙafarsa, an yi sadaka an gode wa Allah. Amma yanzu ana gaya masa magana da hantsi, kafin azahar ta ɓace. Ƙarar ƙarfe da hayaniyar kasuwa suna sara masa kai. Kafin la'asar ya gaji liƙis. Mutumin da ba a taɓa jin kansa ba, yau yana zagin yaron shagonsa a kan canjin da bai taka kara ya karya ba. Sai majalisa ta kasu uku: masu cewa sammu ne, masu cewa ya taɓu, da masu cewa dama can halinsa ke nan, yanzu ne ya fito fili. Hukunci na ukun nan shi ya fi zafi, domin yana cinye har kirkin da mutumin ya yi a baya.

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. A 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse sai ya tashi, sandar ƙarfen da ke hannunsa ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakar ka. Bai mutu ba. Likitansa, John Harlow, ya ba da labarin cewa mutum mai natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri, har abokansa suka daina ganin sa a matsayin wanda suka sani. Galibi a nan ake tsayar da labarin. Alhali kuwa daga baya Gage ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci da iya zama da jama'a, kafin farfaɗiya ta yi ajalinsa a 1860. Masu binciken tarihinsa na baya-bayan nan suna ganin aikin yau da kullum mai tsari shi ya taimaka ya dawo masa da yawa daga abin da ya rasa.

Masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya ɗora kasancewar mutum shi ne shi a kan tunawa: kai ne wanda ya yi abin jiya muddin saninka ya kai ga jiyan. Idan muka bi shi sau da ƙafa, mai shagon nan ya zama baƙo a gidansa, tun da rabin jiyansa ya zube. Mu ba mu gamsu ba. Jariri ba ya tuna ranar sunansa, amma dangi sun tuna, kuma sunan ya bi shi. Ashe ba duk abin da ya sa mutum ya zama shi ne ke ajiye a cikin kansa ba. Wani kaso yana hannun mahaifiyarsa, wani yana wurin matarsa, wani yana wurin maƙwabcin shagon da ya taɓa rufa wa asiri ranar da kaya suka nutse.

A laccarsa da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin da Bahaushe ke nema ga mutumin kirki, daga ciki akwai gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya da mutunci. Mai karatu ya lura da wani abu. Haƙuri da kunya da hankali suna buƙatar lafiyayyar ƙwaƙwalwa, don haka rodi ɗaya yana iya raunana su. Mutunci kuwa jama'a ne ke ba da shi, su ne kuma ke zubar da shi. Haɗari ba shi da ikon taɓa shi sai da hannunmu. Saboda haka muke cewa mutuncin wanda ya ji rauni a ka amana ce a wuyan waɗanda suka san shi kafin ranar.

Wani zai ce, to, shi ke nan duk abin da ya yi sai a ce ciwo ne? Matar da ke shan tsawa dare da rana fa? Abokin cinikin da kuɗinsa suka salwanta fa? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, bai kamata a share shi da wa'azin haƙuri ba. Shari'a ta ɗauke alhaki daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe, amma mutuminmu ba ya cikin ukun nan sosai. Yana sane da wasu abubuwa, wasu suna kufce masa, kuma sau da yawa bayan fushin ya wuce shi ne farkon mai kuka. Matsalarmu ita ce akwati biyu kawai muka tanada, na mai hankali da na mahaukaci, duk wanda bai shiga ɗaya ba sai mu tura shi ɗayan. Adalci a nan shi ne a raba zargi da kariya. A rage zargi gwargwadon abin da ciwon ya ƙwace masa, amma kada a rage kariyar da ake ba waɗanda ke kusa da shi. Bashi a biya. Matar da ta gaji dangi su karɓe ta su hutar da ita, idan kuma abin ya kai ga cutarwa, haƙƙinta na nan, ba wanda zai kira ta butulu.

Sauran aikin na yau da gobe ne, kuma ba shi da ado. Littafin bashi ya maye gurbin lissafin ka. A bar shi ya zauna a shago da safe, ya koma gida kafin rana ta take. A yi masa magana ɗaya-ɗaya, a daina taruwa a kansa ana tambayar ko ya gane wane. Idan farfaɗiya ta biyo baya, kamar yadda takan yi bayan mummunan rauni, akwai maganinta a asibiti, kuma neman sa bai hana addu'a ba. Sauƙi yakan fi sauri a watannin farko, sannan ya riƙa zuwa a hankali har tsawon shekaru. Wasu sukan koma kusan yadda suke, wasu ba sa komawa. Babban abin da ke kashe su da ransu shi ne a ɗauke masu tabarma daga majalisa, a daina shawara da su, a riƙa zancensu a gabansu kamar ba sa nan.

A ƙarshe, mu marubuta muna da namu kason. Sau nawa muka karanta labarin da jarumi ya yi haɗari ya manta kowa, sannan a babi na ƙarshe ya sake buguwa ko ya hangi masoyiyarsa, komai ya dawo tas? Ƙwaƙwalwa ba rediyo ba ce da ake bugawa ta kama tasha, bugu na biyu ƙara ɓarna yake yi. Irin wannan labari yana koya wa iyali jiran wata rana da ba za ta zo ba, su kasa ganin ɗan ci gaban da ke gabansu. Labarin gaskiya yana wurin magidancin da ya sake koyon ƙirga canji yana da shekara arba'in, da ƙanen da ya riƙe masa shago bai ci amana ba, da matar da ke son mijinta tana kuma kewar sa alhali yana zaune kusa da ita. Duk wanda ya iya rubuta wannan ya yi wa adabin Hausa hidima, ya kuma taya wani gida ɗaukar kaya.

Ba mu ce a jefar da karin maganar kakanni ba. Sun faɗi abin da suka gani ga dutsen da bai tsage ba. Idan ya tsage, waɗanda suka karanta zanen tun yana cikakke su ne za su tsaya shaida a kan abin da aka rubuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinyarsu juriya, amin.