Ƙarfi da Amana a Jarrabawar Awa Guda

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da kwalejin fasaha ta Kabo jami'ar kimiyya da fasaha. Nan da 'yan shekaru, matasan Kabo da Garo da Gwarzo da Getso za su riƙa fitowa da shaidar sun iya rubuta manhajar kwamfuta. Sai dai yawancin manyan kamfanoni sukan fara ne da jarrabawa kafin su ɗauki mutum aiki: a ba mutum matsala a dandali irin HackerRank, agogo na tafiya, a ce ya warware cikin awa guda.

Jarrabawar tana da hujjarta. A ƙasar da sanayya ke raba guraben aiki, ita ce ƙofar ɗan talakan da ba shi da uwa a gindin murhu. Ko telan kasuwar Gwarzo ba ya miƙa wa sabon yaro shaddar ango sai ya ga yadda yake bin zare a ƙyalle.

Amma me jarrabawar take iya gani? A Suratul Ƙasas, lokacin da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, abu biyu ta kafa hujja da su: ƙarfi da amana. Ta gan su ne a bakin rijiya, yana shayar musu da dabbobi ba don neman lada a wurin kowa ba.

Ko ƙarfin ma, awa guda ba ta auna shi daidai. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da ɗimbin masu rubuta manhaja ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google ta ƙi ɗaukarsa bayan ya kasa wata tambaya a kan allo. Binciken Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft na 2020 kuma ya nuna ƙoƙarin mutum kan ragu da fiye da rabi idan an zuba masa ido.

Amana kuwa ta fi wuyar sha'ani. A Maris 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar kafa da wani mai kiran kansa Jia Tan ya dasa a manhajar XZ Utils, bayan shi Jia Tan ɗin ya shafe fiye da shekara biyu yana aiki tamkar mutumin kirki. Gwani ne na gaske. Da wuya wata jarrabawa ta kayar da shi.

Don haka masu ɗaukar matasan Kabo da Gwarzo aiki su yi jarrabawar, amma kada ta zama alƙali ita kaɗai. A ba yaro aikin gaske na ɗan lokaci, a biya shi haƙƙinsa, wani ya riƙa duba abin da ya rubuta, sannan a tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi.