Wa Zai Biya wa Marar Hali Kuɗin Magani?

'Yan'uwa, ga tambaya: in maƙwabcinka ya kwanta ciwo ba shi da ko dala, nauyin nan na wane ne?

Ma'aikaci a birni yana iya samun inshora. Manomi kuwa, rumbunsa da akuyarsa su ne inshorarsa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai mutum ya yi ta jinkiri har ciwo ya ci ƙarfinsa.

A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin jiyyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Amma kuɗin mota fa? Abincin mai jiyya fa? Da babban mutum da ya kwanta? In likitan ƙauye ya tura shi babban asibiti, kamar Galmi da aka buɗe a 1950, wa zai kai shi?

Wani zai ce, "Kowa ya ɗauki kayansa." Amma ciwo ba ya sallama, kuma wanda ya kwanta da damina, gonarsa ma ta kwanta.

Saboda haka da kaka kowane gida ya kawo tiya biyu ta hatsi cikin asusu ɗaya. A zaɓi amintattu biyu su riƙe lissafi. A sa mai karatu ya raka marar lafiya, ya adana takardun likita, ya tuna masa ranar komawa.

In shekara ta wuce ba ka ci asusun ba, ba hasara ka yi ba. Ka gode wa Allah, lafiya ka samu, ɗan'uwanka kuma ya tashi.