Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Gonata, Nawa Ne?

Sanin kowa ne cewa noman rani ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da ke riƙe da gidajenmu a wannan zamani. A da, idan an gama aikin kaka an kai amfani rumbu, samari sukan ɗaura kaya su tafi cin rani, a bar tsofaffi da mata da yara a gida. 'Yan kaɗan ne ke da lambu a bakin fadama, suna ɗebo ruwa da jigo, guga bayan guga. Tun daga shekarun 1980 aka soma kawo wa manoma ƙananan injunan ban ruwa da dabarar haƙa rijiyar bututu a cikin fadama, sa'an nan Shirin Fadama na Ƙasa, wanda aka fara a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa abin ko'ina. Yau a tsakiyar hunturu mutum zai ga albasa da tumatir da tattasai da alkama kore shar a wurin da a da babu kome sai ƙura da ƙaiƙayi. Kuɗin makarantar yara da na asibiti, har da baikon da ake kawowa ranar Lahadi, da yawa daga cikinsu daga nan suke fitowa. Wannan alheri ne, ya kuma wajaba mu gode wa Allah dominsa.

To, amma akwai wata tambaya da ta zo tare da wannan alheri, ba mu kuwa cika yi wa kanmu ita ba. Mutum ya gaji gona ko ya saya da guminsa. Ya biya masu haƙa, ya sayi inji da tiyo, wataƙila ma da bashi. Idan ya ce ruwan da ke fitowa daga wannan rijiya nasa ne, yana da ikon ya ja iyakar abin da ya ga dama, da wuya a sami alƙalin da zai kama shi da laifi. Shin a gaban Allah ma haka abin yake?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san yadda ruwan yake a can ƙasa. Mutane da yawa suna tsammani kowace rijiya tana da nata ido, kamar yadda kowane gida yake da tasa randa. Ba haka ba ne. Ruwan yana kwance ne a tsakanin yashi da tsakuwa, shimfiɗa ɗaya wadda ta ratsa ƙarƙashin gonarka da ta maƙwabcinka da rijiyar unguwa da mashayar shanu. Bai san iyakar gona ba, bai kuma san takardar dagaci ba. Sa'ad da inji ya fara zuƙa, ruwan yakan lotsa kewaye da bututun kamar mazurari, kuma gwargwadon ƙarfin injin da daɗewarsa yana aiki, gwargwadon yadda bakin mazurarin zai yi ta faɗi har ya kai ƙarƙashin gonar wani.

Ga inda ciwon yake. Ƙaramin injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da haka, sai ka ga talaka ya haƙa rami ya sauke injinsa ciki don ya matso kusa da ruwan, baɗi kuma ya ƙara zurfin ramin. Mai hali kuwa sai ya kira masu babbar mota su huda masa burtsatse, ya zura injin da ke nutsewa cikin ruwa, ya ci gaba da aikinsa. A watan Maris ko Afrilu, daidai lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, tiyon talaka sai ya dinga tofar da iska. Rijiyar unguwa, wadda aka haƙa da hannu tun zamanin iyaye, takan koma taɓo, mata su yi sammako su zauna jiran ta taru. Ba wanda ya shiga gonar wani. Ba wanda ya ɗauki ko ƙwayar albasa. Duk da haka amfanin wani ya bushe domin na wani ya yi kyau.

Littafin Farawa, sura ta 26, ya ba mu labarin da ya yi kama da wannan. An yi yunwa, Ishaku ya zauna a Gerar, ya yi shuka, Ubangiji ya sa masa albarka har Filistiyawa suka ji kishinsa, suka bi rijiyoyin da bayin mahaifinsa Ibrahim suka haƙa suka cika su da ƙasa. Ishaku ya sāke haƙa, makiyayan Gerar suka ce ruwan nasu ne. Ya sa wa rijiyar suna Esek saboda husumar da aka yi. Ya haƙa ta biyu, aka sāke tankiya, ya kira ta Sitna. Sai da ya matsa gaba ya haƙa ta uku aka bar shi, ya sa mata suna Rehobot, domin ya sami yalwar wuri. Duk wanda ya ji labarin nan yakan ƙi halin Filistiyawa, da gaskiyarsa. Amma mai babban inji yana iya toshe rijiyar maƙwabcinsa ba tare da ya zuba mata ko tafin yashi ba, ya kuma zo Misa da zuciya fes, domin bai ga abin da ya yi ba.

Koyarwar Ikilisiya a kan wannan tsohuwa ce. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa halal ne mutum ya mallaki abu, domin abin da yake da mai shi an fi kula da shi, an kuma fi samun zaman lafiya a kansa. Amma ya bambanta tsakanin riƙon abu da morarsa: wajen mora, dole mai abu ya tuna da mabukata, gama Allah ya halicci duniya domin dukan 'yan Adam tun kafin a ja iyakar gona ta farko. Majalisar Batikan ta Biyu ta nanata wannan a 1965, Katekizim na 1992 kuma ya sa batun a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato wadda ta hana sata, ya haɗa da hakkin zuriyar da ba a haifa ba tukuna. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, ya ɗauki samun tsabtataccen ruwan sha a matsayin hakkin kowane ɗan Adam, tun da sauran hakkoki duka sai da rai ake morarsu. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwar cewa ruwa yana cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu, saboda haka a wannan magana ba mu da gardama da su.

Amsar tambayarmu ke nan a ganina: rijiyar taka ce, injin naka ne, wahalar da ka sha ta ba ka hakkin ka ci moriya. Ruwan kuwa rabonka ne kawai kake da shi a ciki.

Na san abin da wani manomi zai ce. Zai ce, Fada, kai ba ka da 'ya'ya takwas da za ka ciyar. Ƙasar nan ta haura mutum miliyan 200, abinci ya yi tsada, damina ba ta da tabbas, yanzu kuma za ka ce mu kashe inji? Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. Gaskiya ne kuma cewa a wurare da dama na ƙasar nan ruwan da ke ƙasa ya fi wanda ake ja yawa nesa ba kusa ba, barinsa a kwance alhali yara suna rama shi ma wani irin zunubi ne, irin na bawan nan da ya binne talantinsa. Ba na cewa a kashe inji. Abin da nake cewa shi ne a san ma'auni, ma'aunin kuwa ya danganta da irin ruwan da ake ja.

Ruwan fadama kamar amfanin gona yake: kowace damina ruwan sama da ambaliyar kogi suna mayar da abin da aka ɗiba. Muddin ba a ja fiye da abin da damina take mayarwa ba, ba zai ƙare ba. Amma akwai ruwa mai zurfi wanda ya taru tun dubban shekaru, lokacin da yankin nan ya fi yanzu laima, shi kuwa kamar rumbun kaka yake wanda ba mai ƙara zuba masa hatsi. A ƙasar Borno, da aka fara huda irin waɗannan rijiyoyi tun shekarun 1950, ruwan da kansa yake tsartuwa sama babu inji. Aka bar da yawa daga cikinsu suna kwarara dare da rana babu marufi. Yau ƙarfinsu ya ragu ƙwarai, waɗansu sun daina fitowa da kansu. Waɗanda suka bar su a buɗe ba mugaye ba ne. Sun ga abu yana zuwa kyauta ne, suka ɗauka ba shi da ƙarshe.

Shi ma ruwan fadama ana iya yanke masa hanya tun daga sama. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga Tiga ne ake shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa da tumatir ɗin da suke fitarwa kuwa suna ciyar da dubban gidaje. Amma a can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ambaliyar da a da take malalewa kowace shekara ta jiƙa fadamu ta cika rijiyoyi ta ragu sosai, fari ya ɗauki nasa kason, madatsun suka ɗauki nasu. Ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Manomin Kura bai taɓa ganin masuncin Nguru ba, amma tulu ɗaya suke sha. Tambayar da wani masanin Attaura ya yi wa Ubangijinmu game da ko wane ne maƙwabcinsa, kogi yana amsa ta da tsawon ɗaruruwan kilomita.

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne injin sola. A zamanin jigo, dantsen mutum ne iyakarsa. Idan ya gaji ya daina. A zamanin injin fetur, aljihu ne iyakarsa, musamman tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, farashi ya ninka fiye da sau uku. Manomi ya koyi kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu kuwa masu hali suna komawa ga farantan hasken rana, abu mai kyau, ba hayaƙi, ba kuɗin mai. To, amma wanda rana take jawo masa ruwa kyauta, me zai sa ya kashe inji? A jihar Punjab ta ƙasar Indiya an ba manoma wutar lantarki kyauta don ban ruwa tun 1997, ana ta noman shinkafa, ruwa yana ta sauka shekara bayan shekara, har a 2009 hukuma ta kafa dokar hana dashen shinkafa kafin damina ta kusa. Saudiyya ta yi noman alkama a hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa har tana sayar wa waje, daga baya ta ga rumbun yana ƙarewa, ta tsai da shawara a 2008 a yi ta rage noman. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi. Dantse ya daina tsai da mu, aljihu ma yana gab da dainawa, saura lamiri.

Shi kuwa lamirin mutum ɗaya ba ya isa, wannan ne ya sa matsalar take da wuya. Idan kai ka rage ja saboda tsoron Allah, sauran mutum talatin da ke cikin fadamar ba su rage ba, ruwan zai sauka duk da haka, kai kuma ka yi hasara. Ishaku ya sami Rehobot domin a zamaninsa akwai fili. Mu ba mu da inda za mu matsa. Abin da ya rage mana shi ne ƙarshen wannan sura, inda Abimelek ya zo wurin Ishaku a Biyersheba, suka ci suka sha, suka yi wa juna rantsuwa. Wato sai masu jan ruwa ɗaya sun zauna sun ɗaura alkawari, sun kuma yarda da wanda zai tsawata wa mai karya shi.

A cikin irin wannan alkawari, a ganina, ruwan shan mutane ne a gaba, na dabbobi yana biye, sa'an nan na abincin gida, na riba a ƙarshe. Wanda zai huda burtsatse kusa da rijiyar unguwa ya fara neman yardar masu sha daga gare ta, idan kuma ta ƙafe saboda shi, ya kafa musu famfo a bakin gonarsa. Wannan biyan bashi ne, kada ya ɗauka sadaka ya yi. A yi ban ruwa da yamma ko da asuba maimakon tsakar rana. A duba ko fadamar za ta iya ɗaukar shinkafar rani, wadda take shan ruwa fiye da alkama da albasa nesa. A nisantar da shadda da wurin wanke gwangwanin maganin feshi daga bakin rijiya. Mu ma da muke gidajen Fada da makarantun mishan da asibitoci, masu burtsatse mafi zurfi a ƙauyuka da dama, wannan ma'auni ya hau kanmu kafin kowa, tankin da yake ambaliya a harabar coci alhali mata suna layi a bayan katanga ba ya yi wa Bishara shaida mai kyau.

Ba za a iya raba abin da ba a auna ba, aunawar kuwa ba ta bukatar injiniya. Igiya ce da ɗan dutse da littafin rubutu. Ina roƙon kowace majami'ar ƙauye da take da manoman rani ta zaɓi rijiya biyu ko uku, katikist ko wani daga cikin matasa ya riƙa auna zurfin ruwansu ranar Asabar ta farkon kowane wata, da sassafe kafin a tada injuna, ya rubuta. Bayan Ista, sa'ad da ruwa ya kai iyakar saukarsa, a kira zama a ƙofar mai unguwa, a gayyaci liman da ardon Fulani da shugabar Zumuntar Mata, a karanta abin da ke cikin littafin kowa ya ji, kafin a yanke yawan fangalin da za a buɗe baɗi.