Haƙƙin karya mai ciki a kan mai ita

A Kwaja, cikin duwatsun Mubi ta Kudu da ke bakin iyakar Kamaru, kare ma'aikaci ne. Shi ke korar birai daga gona, shi ke haushi idan baƙo ya doso garke da dare. Ladansa kuwa ƙanzo ne da ruwan wanke-wanke, sauran ya nema a bola. Ko a ce namiji na iya lallaɓawa da haka, karya mai ciki ba ta iyawa, kuma a ganina ƙara mata abinci wajibi ne a kan mai ita, ya wuce a kira shi kyautatawa.

Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. A makonni shida na farko buƙatarta ba ta canzawa sosai, amma a ukun ƙarshe, lokacin da 'ya'yan ke yin mafi yawan girmansu, likitocin dabbobi sun ce abincinta ya kamata ya ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. A daidai lokacin ne kuma cikin ke matse mata tumbi, sai a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. In ta fara shayarwa, tana iya buƙatar ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. Wadda aka bari da ƙanzo kaɗai jikinta take ci: haƙarƙari ya fito, nono ya ƙafe, kwiyakwiyan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Fiƙihun Malikiyya ya ɗora ciyar da dabba a kan mai ita matuƙar ba ta da inda za ta yi kiwo ta ƙoshi, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta ajiye kare don gona, kiwo ko farauta. To wanda ya karɓi wannan izini ya ci moriyar gadi, ya ɗauki nauyin da ke tare da shi. Ciyarwa kuma da buƙata ake auna ta. In buƙata ta ƙaru, wajibin ya ƙaru. Wani zai ce kare najasa ne. A mashhurin mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da kare ya lasa sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Ko a wajen Shafi'iyya da suka ce najasa ne, hukuncin ya shafi tufa da salla, bai halatta yunwatarwa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, karen da ma ba nasa ba. Masanin tarihi Waƙidi kuma ya kawo cewa a hanyar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya sa Ju'ailu ɗan Suraƙa ya tsaya kusa da wata karya mai shayarwa kada runduna ta dame ta. Malaman hadisi ba sa dogara da Waƙidi, don haka ban jingina hukunci a kansa ba.

Uzuri mafi nauyi shi ne talauci. A watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, wa zai ba karya nama alhali yara na kallo? Gaskiya ne ɗan Adam ne a gaba. Amma abin da take buƙata yawanci ba abin da yaro zai ci ba ne: ragowar kayan ciki daga mahauta a dafa, kan busasshen kifi, dafaffen wake a cuɗa da tuwo, ruwa mai tsabta a kaskonta, a kiyaye ta daga albasa da dafaffen ƙashi mai tsagewa. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, ƙofar da ta rage masa ita ce ya ba da ita ga mai iya riƙe ta tun cikin bai tsufa ba, domin sakin ta a titin Mubi ba ya sauke nauyin, ƙari ne kawai a kan karnukan da ke yawo ba rigakafin haukan kare.